Gawa Bakwai a Tudun Tarrow

Karen Misis Stannard ne ya fara gano su. Ya tsaya yana tono a gindin wata bishiyar ƙaya da ke saman Tudun Tarrow, ta yi kira har ta gaji ya ƙi zuwa. Da ta je ta ture faffaɗan dutsen da yake shinshina, sai ga malam-buɗe-littafi guda bakwai a jere a kan ganye, duk matattu. Ba kuma na banza ba, Babban Shuɗi ne, wanda dominsa aka kewaye tudun da waya aka sa wa ƙyauren kwaɗo, wanda doka ta hana ko taɓawa. Biyar daga ciki mata ne da ba su gama zuba ƙwai ba, ga shi a bana duk waɗanda muka gani a tudun ba su kai ashirin ba.

Kafin a tashi daga coci labari ya gama ƙauye. Mu mutanen Tarrow, in mutum ya mutu mukan kai kek gidan makoki mu dawo mu ci gaba da shan shayinmu, amma a taɓa Shuɗi a ga tashin hankali. Shi ne ke kawo mana baƙi duk lokacin zafi, mota-mota, kowa da kyamara a wuya, su kwanta rubda-ciki a ciyawa suna numfashi da ƙyar don kada ya tashi. In babu Shuɗi, Tarrow tumaki ne kawai da tsofaffi.

Mutum huɗu ke da makullin ƙyauren, kuma ba a fasa kwaɗon ba. Akwai ita Misis Stannard, shugabar Ƙungiyar Masoya Tudu. Akwai Gethin Loe, manomin da tumakinsa ke kiwo a can. Akwai Hesketh Rowe, mai ɗaukar wa ƙungiya hoto. Na huɗu shi ne tsoho Ambrose Pellow, wanda ya yi shekara arba'in yana rainon tudun nan kamar ɗan cikinsa.

A kansa aka yi caa. An tsinci ragar kamu a cikin ƙaya da sunansa a ƙone a jikin mariƙin, kuma kowa ya san a falonsa akwai akwatunan gilashi da ya gada wurin kakansa, cike da malam-buɗe-littafi da aka soke da allura. Sannan kowa ya san abin da likita ya gaya masa, cewa idanunsa na tafiya, baɗi war haka ba zai riƙa rarrabe komai ba sai haske da duhu. Misis Stannard ta haɗa waɗannan ta ce ai magana ta fito: tsoho ya so ya ajiye su a gilashi ya riƙa kai su kusa da ido, da ya ji motsi ya tsorata ya ɓoye. Kwamiti ya zauna ya karɓe makullinsa, aka ce kada ya sake taka tudun sai an gama bincike.

Ni Maud Vickery, aikina a ƙungiya dafa shayi da wanke kofuna, ba ni da ƙuri'a. Amma na san abin da suka yi. Babban Shuɗi makonni kaɗan yake tashi a shekara, kuma wannan ne lokacin zafi na ƙarshe da Ambrose zai gan shi da idonsa.

*

Ɗan sanda ya zo, wani matashi, ya ɗauki hoto da wayarsa ya ce za a duba, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ya sa na je na tayar da ƙanena Dunstan. Shi ma tsohon ɗan sanda ne, ya ƙare aikinsa wajen bin sawun ɓarayin barewa da masu kwashe ƙwan shaho. Malam-buɗe-littafi bai dame shi ba, cewa yake tsutsa ce ta samu riga. Ya fara yi mini ƙorafin gwiwarsa, na ɗauko hularsa na ɗora masa a ka.

Bai ji daɗin abin da ya tarar a tudu ba. An daɗe ba a yi ruwa ba, ƙasa ta yi tauri, ga 'yan kallo sun tattake ko'ina. Ya ja tsaki ya ce ko garken shanu sun fi mutanen ƙungiyarmu sanin inda za su sa ƙafa. Sai ya bar hanyar mutane ya bi ta tumaki, yana duƙawa yana kallon yadda ciyawa ta kwanta. Ya ce wani ya bi nan a hankali, yana tsayawa a kowane gungun fure, yana komawa gindin bishiyar ƙayar, ya sake fita ya sake dawowa. Babu alamar gudu ko ɗaya.

A gindin bishiyar ya daɗe a tsugune. Ya nuna mini inda ciyawa ta kwanta da kusurwa huɗu, alamar an ajiye wani abu mai nauyi ya jima a inuwa. Kusa da wurin kuma ƙasa ta yi duhu, ƙananan dodon-koɗi sun taru a kai. Ya tura yatsa ya ji da sauran laima.

Ya ce, "An zubar da wani ruwa a nan, Maud. Kuma wanda ya jera su a kan ganye ya rufe da dutse ba ɓoyewa kawai ya yi ba. Jana'iza ya yi musu."

Ya ɗebi ƙasar a leda, ya ce wataƙila guba ce.

*

In ana maganar guba, kowa Gethin Loe zai tuna. Ya sha faɗa a kasuwa cewa wata rana zai yi wa tudun feshi ya huta da mutanen da ke barin masa ƙyaure a buɗe. Muka same shi yana yanke wa tunkiya kofato. Bai ko miƙe ba.

Ya ce, "Ni da zan kashe su sai in tsaya jera su? Ka san ni, Dunstan, da tarakta zan hau."

Ya buɗe mana rumbunsa da kansa, ya nuna mana jarkokin magani, ya ce mu ɗeba mu kai duk inda za mu kai. Ya ƙara da cewa ran Asabar ɗin da abin ya faru yana kasuwar tumaki tun safe, rabin gunduma sun gan shi yana faɗa da dillali. Duk da haka Dunstan ya aika ƙasar ɗakin gwaji a birni, suka ce a jira. Jiran nan shi ya cinye mu.

Misis Stannard kuwa a lambunta ta karɓe mu, ta ba mu kujera amma ba ta ba mu shayi ba. Ta ce ba ta ga dalilin tone-tone ba tunda an san mai laifi. Ranar ita tana tare da baƙi cikin babbar mota tun hantsi, ta kai su kallon barewa a bakin kurmi, daga nan aka ci abinci a zauren taro. Dunstan ya tambaye ta Hesketh fa. Ta ce yana tare da ita. Da tsakar rana ta gan shi yana saukowa daga tudu zai ɗauko wani abu a motarsa, ta kama hannunsa ta ce sai ya zo ya ɗauki baƙi hoto.

Ta ce, "Ya yi ta cewa in ba shi minti biyar ya koma sama, na ce ko ɗaya. Ka san Hesketh, in ka sake shi ya tafi kenan. Sai da rana ta yi sanyi na sallame shi. Saboda haka ka cire shi, Mista Vickery."

Muka cire shi. Akwai kuma wasu mata da miji daga Holan da suka kafa tanti a bayan gonar Gethin, waɗanda ƙauye ya so ƙwarai a ce su ne, don baƙi ne. Dunstan ya bi sawunsu har kurmi, ya tarar ba abin da suke yi sai zama a ƙarƙashin wani kogon itace suna jiran 'ya'yan mujiya su leƙo.

*

Gidan Ambrose na kallon tudun. Muka same shi a bakin taga ya sa kujera, yana kallon abin da ba ya iya gani daga nan.

Ya ce, "Kamu ka zo yi, Dunstan, ko shan shayi? In kamu ne ka jira in sa takalmi."

Ya nuna mana akwatunan kakansa, duk launinsu ya koɗe. Ya ce bai taɓa ƙara ko ɗaya a ciki ba, ya kasa zubarwa ne kawai. Ragar tasa ce, amma shekara da shekaru tana rataye a 'yar bukkar kayan aiki da ke tudu, duk mai makulli na iya ɗauka. Dunstan ya buɗe masa kwalin da gawarwakin ke ciki, Ambrose ya ɗauko gilashin karatunsa ya kai su har kan hancinsa. Ya ce mai tarawa matse musu ƙirji yake da yatsa biyu, waɗannan kuwa ba a matse su ba, ko garin fukafukinsu bai goge ba. Kamar barci suka yi. Ya mayar da kwalin.

Muna nan Hesketh Rowe ya shigo da tukunyar romon kaza da burodi a hammata. Abokai ne tun suna makaranta. Hesketh ya yi rayuwarsa yana ɗaukar hoton aure a birni, har wayoyi suka zo suka rufe masa shago, ya dawo ƙauye ba wanda ya san da shi. Shuɗi ne ya dawo masa da suna. Manyan hotunansa ne a bangon zauren taro, Babban Shuɗi ya baza fukafukai, raɓa ta yi masa ado kamar an yayyafa duwatsun ado. Daga ƙasashe ake zuwa a yi ta ƙoƙarin ɗaukar irinsu, ba wanda ya taɓa dacewa.

Hesketh ya ce, "Tashi ka ci, tsohuwar mujiya. Kallon taga ba ya cika ciki."

Ambrose ya ce, "Mai hoton amare, ka sa gishiri yau ko ka manta kamar jiya?"

Tun da aka karɓe makullin, kullum da yamma sai Hesketh ya zo da romo. Duk ƙauyen shi kaɗai ne bai juya wa Ambrose baya ba. A hanyarmu ta komawa na ce wa Dunstan aƙalla akwai mutumin kirki ɗaya a Tarrow, ya ce haka ne.

*

Kwanaki suka yi ta tafiya. Furannin tudu suka fara bushewa, shuɗɗan da suka rage fukafukansu suka yayyage. Na je wurin Misis Stannard na roƙe ta a bar Ambrose ya hau ko sau ɗaya, ni zan riƙe hannunsa. Ta ce dokar kwamiti ba ta da ƙofar baya. A kanti mata suka riƙa yin shiru in ya shigo, wani ma ya rubuta masa baƙar magana a jikin ƙyaure. Mutanen da ya koya wa bambanta mace da namiji a Shuɗi ne suke tsallaka titi don kada su gaishe shi. Ban taɓa jin ƙyamar garinmu kamar a lokacin ba.

Da sakamakon gwaji ya zo, sai aka ce babu guba, ruwa ne zalla. Dunstan ya zo kicin ɗina da tsakar rana, fuska a ɗaure, ya zauna yana maimaita tambaya ɗaya: wa zai hau tudu da ruwa mai nauyi a wannan zafi, ya zubar a gindin ƙaya? Na gaji da shi, na buɗe firji na dire masa kwalbar lemo a gabansa na ce ya sha ya bar ni in yi aiki.

Bai sha ba. Ya zura wa kwalbar ido har na ɗauka wani abu ya same shi. Jikinta ya fara tsattsafo da ɗigo ƙanana-ƙanana, ya sa yatsa ya shafa.

Ya ce, "Makullin zauren taro na wurinki?"

Muka je. Ya ɗauki kujera ya hau, da gwiwar tasa da komai, ya kai fuskarsa jikin babban hoton da na yi shekaru ina goge wa ƙura. Da ya sauko sai ya ce in gaya wa Misis Stannard ta tara masu makulli da kwamiti, kuma in je in zo da Ambrose.

*

Suka hallara, ƙauye ma ya biyo su har zauren ya cika. Ambrose ya zauna a gaba, Hesketh a gefensa. Dunstan ya shigo da kular ƙanƙara irin wadda ake zuwa yawon shan iska da ita, ya ajiye a tebur bai ce komai a kanta ba.

Ya tambayi Gethin yaushe raɓa ke bushewa a tudu a irin wannan lokaci. Gethin ya ce tun kafin mutanen ƙungiya su gama karin kumallo. Ya tambayi Ambrose ko Shuɗi na buɗe fukafuki da sanyin safiya. Ambrose ya ce ba ya yi, a rufe yake kwana, sai rana ta gasa masa baya yake buɗewa. Sai Dunstan ya nuna hoton bango ya ce kowa ya duba da kyau. Fukafukai a buɗe, raɓa a kansu. Amma furen da yake kai a bushe yake ƙayau, ganyen ma haka, inuwar kuma tana ƙarƙashinsa daidai, irin ta tsakar rana.

Ya buɗe kular ya ciro cokalin shayi ya ɗaga. Muna kallo cokalin ya yi gumi.

Ya ce, "Wannan ba raɓa ba ce. In ka sa malam-buɗe-littafi a sanyi, jikinsa mutuwa yake, ka ɗora shi a furen da kake so, ka buɗe masa fukafuki, ya zauna maka kamar amarya. Da zafi ya buge shi sai ya yi wannan gumin. Ka ɗauki hotonka, in ya ji ɗumi ya tashi. Sai dai in wani ya riƙe ka a ƙasa tun tsakar rana har yamma, kular na can a inuwa."

Kowa ya juya wurin Hesketh. Na ɗauka zai musa, amma ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ɗan lokaci kaɗan yake sa su, shekaru yana yi ko ɗaya bai taɓa mutuwa ba. Ranar ya tara da yawa don yana son hoto ɗaya da su duka a kan reshe guda, abin da ba a taɓa gani ba. Ya sauko ɗauko gilashin kyamara ne Misis Stannard ta kama shi. Ya kasa gaya mata abin da ya baro a sama. Da ya koma ya yi ta hura musu iska a tafin hannu, ba wanda ya motsa. Ya zubar da ruwan ƙanƙarar, ya jefar da ragar, ya binne su.

Ya ce, "Ban yi nufin kashe su ba, Ambrose. Ka san ina son su."

Ambrose ya ce, "Na san ba da gangan ka yi ba. Ba su nake tambayarka ba. Kullum da yamma kana zuwa da romo, kana zama kana kallona ina kallon taga. Me kake jira, Hesketh?"

Hesketh ya ce, "Na ɗauka za su gaji su bar maganar."

Ya tashi ya fita, hularsa na kan kujera. Daga baya hukuma ta ci shi tara, aka sauke hotunan, ya koma wurin 'yarsa a birni.

*

Washegari kwamiti ya zo gidan Ambrose da makulli da kek. Misis Stannard ta yi jawabi mai tsawo wanda babu kalmar haƙuri a cikinsa, ta ce yau ƙungiya gaba ɗaya za ta raka shi tudu. Aka jeru a bayansa, waɗanda suka tsallaka titi su ne a gaba-gaba, kowa na son ya riƙe masa hannu.

Ni da Dunstan mun riga mun hau da safe, mun duba ko'ina. Lokacin Babban Shuɗi ya wuce, ko ɗaya bai rage ba.

Ambrose ya tsaya a tsakiyar busassun furanni yana juya kai, yana ƙanƙance ido. Can sai ga wani ƙaramin shuɗi, na gama-gari, irin wanda ke tashi a kowane gefen titi har kaka, ya zo ya sauka a kan ciyawa ɗan nesa da shi. Babu wanda ke wurin da bai san bambancin ba, don shi ya koya mana.

Misis Stannard ta ce, "Ga shi can, Mista Pellow. Ya jira ka."

Sauran suka ɗauka, wannan ya ce lallai shi ne, wancan ya ce kai, babba ne ma. Har da masu ɗaga kyamara. Na dubi Dunstan, ya kawar da kai. Na jira Ambrose ya yi abin da ya saba, ya ja tsaki ya ce mu koma makaranta, don shekara arba'in ba a taɓa yi masa wannan kuskuren ya bari ya wuce ba.

Ya matsa taku biyu, ya tsaya. Ya kalli wurin da suke nunawa, ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Ya ce, "Na gode. Na ɗauka ba zan ƙara ganinsa ba."

Suka tafa masa, suka sauko suna ta hira cikin jin daɗi, aka wuce zauren taro cin kek. Ni na haɗa shayin, kuma har yau ban yafe wa ko ɗaya daga cikinsu ba.